Abin da malaman Turanci na Nima suka tsayar kan "make", "have" da "get"

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna mu malaman da ke yi wa yara darasin yamma a Nima, nan Accra, kan kuskuren da ke cinye musu maki a jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE. A Hausa "sa" kaɗai ta ishe mu: ya sa ni na biya. Turanci kuwa ya rarraba aikin.

An fi daɗewa a kan "make". Yaro zai rubuta "he made me to pay", domin abin da yake ji ke nan kullum a cikin trotro, wato motar haya, alhali daidai shi ne "he made me pay". "Let" ma ba ta ɗaukar "to". Amma wani dattijo a cikinmu ya ja kunne: "Malam, kada ku ce musu an haramta 'to' gaba ɗaya." Idan an juya jimlar, sai ta dawo: "I was made to pay".

"Get" tana tafiya da "to", "have" ba ta so: "I got him to come", "I had him come".

Shawarar da ta fi burge ni ita ce ta aski. Mu kan ce "na yi aski", ko da yake mai aski ne ya riƙe injin. Ɗalibi sai ya kwashe haka ya rubuta "I cut my hair", wato da hannunsa. Aka ce a tambaye shi, wa ya yi aikin? In wani ne, "I had my hair cut". Jiya na gwada da ɗinkin Sallah, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce "I had my dress sewn".