Zane da fensir a bakin Matan Fada: ƙura, rana da cunkoso

Daga Birnin Kebbi:
Salamu alaikum 'yan'uwa masu zane. Duk wanda ya taɓa zama da littafinsa a bakin kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, ya taimaka wa masu shirin zuwa. Ga ƙura, ga rana tana haska farar takarda, ga dubban masunta ba mai tsayawa wuri ɗaya. Wane fensir, wace takarda, kuma ta ina ake farawa?

Daga Argungu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kamun kansa kamar awa ɗaya ne daga lokacin da aka ba da izinin shiga ruwa, don haka cire ran yin cikakken zane a wurin. Riƙe littafi ƙarami, A5 (girman rabin takardar fotokofi), mai bangon kwali mai tauri, tunda gwiwarka ce teburinka. Sa kilif biyu a gefe saboda iska. Raba shafi gida huɗu, kowane gida ka ba shi minti biyu ko uku.

Kada ka ƙirga kawuna. Runtse ido ka duba: taron masunta dunƙulen baƙi ɗaya ne, goruna ne kawai ke haske a cikinsa. To su za ka fara zagayewa, ka bar cikinsu fari. Sai homa, wadda masunci ke riƙe da ɗaya a kowane hannu, in ya buɗe su kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. Layi biyu masu lanƙwasa sun wadatar, ba sai ka zana ragar ba. Daga nan ka kwantar da fensir mai ɗan laushi, wato 2B, ka cike tsakani. Mutum uku ko huɗu na kusa da kai kaɗai za ka fitar wa kafaɗa da hannu, idon mai kallo zai ƙarasa sauran.

Daga Jega:
Abin da Yaya ya faɗa haka yake. Ni a kan fensir zan ƙara. Bakin fensir garafait ne da aka cuɗa da yumɓu: mai H yumɓunsa ya fi yawa, shi ya sa yake da tauri da haske, mai B kuma laushi da baƙi. Uku sun isa. HB na tsallaken ruwa, 2B na tsakiya, 6B na abin da ke gabanka. Hazo ya riga ya raba maka aikin, domin duk abin da ya yi nisa toka-toka ake ganinsa, gefensa ba kaifi. Da ka sa 6B a itatuwan tsallake, za su taho gaba su zauna a kan masunta, zurfin zanen ya tafi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne danna HB da ƙarfi don a samu baƙi. Ba zai yi baƙi ba, sheƙi zai yi, ya kuma huda takardar har shafin baya. Ana gina inuwa ne hawa-hawa: jeri ɗaya na layuka da sassauƙan hannu, na biyu ya gitta na farko, sannan 6B a ƙarshe, inda ya fi duhu kawai, wato ƙarƙashin gora da cikin kwalekwale. Ka fiƙe da reza, bakin ya fito kamar santimita 1, ka goga gefensa a samfefa ta kafinta. Gefen ya ba ka faɗi, tsinin ya ba ka layi.

Daga Yauri:
Ruwa kuwa ba a zana shi, barinsa ake yi. Farin takarda shi ne ruwan. Hoton kwalekwale a cikin ruwa kai tsaye ƙarƙashinsa yake sauka, amma layukan da za ka yi shi da su a kwance suke, gajeru, suna raguwa. Wannan da safe ne kafin a shiga. Da an shiga ruwan ya dame, babu sauran hoto. Sai ka rufe wurin da HB, ka yanka kilina da reza ta yi kaifi, ka ɗebo farin fantsamar ruwa da ita.

Daga Zuru:
Malamai, ku yi haƙuri in sa baki a kan abin da ke ɓata shafi tun kafin a gama. Man da muke shafawa a hannu saboda bushewar iska babban abokin gaba ne. Duk inda yatsa ya taɓa, fensir zai kama wurin fiye da kewayensa, tabon ya fito, kilina ba ta cire shi. Shi ya sa ban yarda da murza inuwa da yatsa ba, ko da yake da yawa haka aka koya musu. A naɗe takarda ta yi tsini, ko a yi da auduga. A sa wata takarda ƙarƙashin hannu, mai dama ya fara daga sama ta hagu. Ƙura in ta sauka kada a share da tafi, yashin cikinta yana karce takarda ya ja baƙin. A karkata littafin a buga bayansa, ko a kaɗe da burushi mai laushi. Takarda mai nauyin giram 120 zuwa 160 (a kowace murabba'in mita) mai ɗan kaushi ta fi. Ta fotokofi 80 ce, sulɓinta ba ya riƙe 6B.

Daga Argungu:
Gaskiya ne, 'yar'uwa. Wanda ya iso da wuri ya sassauta hannunsa a Gidan Nabame, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, inda gidan tarihin Kanta yake yanzu. Da hantsi rana na bugun gini daga gefe, haske, tsaka-tsaki da duhu su fito sarai. Kuma a nemi izini kafin a zana mutum daga kusa, musamman dattawa da mata. Masunci ta baya, da gorarsa da homarsa, ya isa zane ba tare da fuska ba. A gefen shafi a rubuta lokaci da ɓangaren da rana take, don ƙarasa inuwa a masauki.

Daga Jega:
Sai komawa gida. Girgizar mota na sa shafi ya goga shafi, 6B ya bi ko'ina. Sa siririyar takarda tsakanin shafukan da aka zana, ɗaure littafin da roba biyu ya matse, ka sa a leda. Feshin gashi yana riƙe fensir, amma yana sa takarda ta yi rawaya in ta daɗe, don haka kada ka fesa wa zanen da kake son adanawa.