Neman shawara kan teburan shayina da ruwa ya ci

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman kafintocin cikinmu. Ina sayar da shayi a Agege, ina da tebura uku da ke kwana a waje. Daminar Legas kun san ta, tun watan Afrilu ƙasa ba ta bushewa, ga laima ko da ba a yi ruwa ba. Saman teburan katakon loko ne (wato iroko), har yau garau yake, shi ya sa na kasa jefar da su. Ƙafafun ne suka ruɓe daga ƙasa, kusan inci 4, gara kuma ta shiga ɗaya.

Wani maƙwabcina da ya gama rufin gida ya ba ni ragowar katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4 da guntayen kwano. Na yanke ruɓaɓɓen wurin na yi ƙari, amma duk ƙusar da na buga sai tsohon katakon ya tsage, teburin kuma na rawa da an ɗora tukunya. Shin in huda in ɗaure da noti, ko in sauya ƙafafun gaba ɗaya?

Abin da ya fi damuna shi ne maganin gara. An ce in shafa baƙin mai, amma a kan teburan nan nake yanka burodi ina soya ƙwai, raina bai kwanta ba. In na shafa a ƙafafu kawai, na ɗora su kan bulo, zai wadatar? Kwanon kuma, in na lulluɓe saman da shi, ba zai riƙe ruwa a ƙarƙashi ya ruɓar da lokon ba?

Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka mini.