Birkin baya na tsohuwar Jaguar: in fito da shi waje ko in bar shi a ciki?

Ɗan_Jidda:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah a taimaka min da shawara. Ina da Jaguar XJ6 'yar 1984 da na gada wajen mahaifina Allah ya jiƙansa, kun san birkinta na baya ba a jikin taya yake ba, can ciki yake manne da difarenshal. To sil ɗin difarenshal, wato robar da ke hana mai fita, ya fara yoyo, mai na zuba kan faifan birki, satin da ya wuce muna saukowa daga Ɗa'ifa ta hanyar Hada sai ƙauri ya cika motar, na tsaya na leƙa ƙasa sai ga hayaƙi, wallahi gabana ya faɗi don da iyali a ciki. Birkin hannu kuwa ya daɗe da mutuwa ga lokacin fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ya matso. In maida birkin jikin taya kawai?

Bakaniken_Makka:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ana yi, ai su Jaguar ɗin da kansu sun fito da shi waje a XJ40 tun 1986, XJS kuma a 1993. Amma ba kalifa (abin da ke matse faifan birki) kaɗai ba ne fa, sai ka samo hob da shaf da faifai da wayar birkin hannu na XJS ta ƙarshe daga tashlih, wato wajen sayar da kayan tsofaffin motoci, sannan gurbin da tsohon faifai ya bari tsakanin difarenshal da shaf dole a cike shi, in ba haka ba taya za ta kwanta ta cinye gefe guda. Ka gwada rim ɗinka ma tukuna, ba kowanne ke wuce kalifar ba.

Kawu_Madina:
Yaro kar ka taɓa ta. Tun E-Type ta 1961 suka sa shi ciki don a rage wa taya nauyi, shi ya sa take tafiya lumui a kan rami. Laifin sil ne, zafi ya dafa shi. A sauke kejin bayan, wato ƙarfen da ke riƙe da difarenshal da birkin, gaba ɗaya a ƙasa, a canza sil da faifai, a saita ƙananan takalman birkin hannu sau ɗaya da kyau. Kuma a gangaren Hada giya ake saukewa, ba a ɗora ƙafa a birki har ƙasa.

Ɗan_Jidda:
Na gode Kawu, gaskiya raina ma bai so in canza abin da Baba ya bari ba. Malam bakanike, sauke kejin kwana nawa zai ci a gareji? Ina so in haɗa da bushin ɗin duka tunda za a sauke.