Abin da muka tsinta a fada kan ɗaukaka ƙara

Jiya da dare a fadarmu ta Birni hira ta karkata kan apel, wato ɗaukaka ƙara, don wani ɗan'uwa an kada shi a shari'ar gona yana ta faɗin sai ya kai Yamai. Wani dattijo da ya daɗe yana aiki a jastis ya ce masa yaro bi a hankali, ai kotun ɗaukaka ƙara tana nan Damagaram, nan za ka fara.

Abin da ya fi nanatawa shi ne lokaci. In shari'ar laifi ce kwana 10 gare ka, in ta dukiya ce galibi wata ɗaya daga ranar da wisiye, wato mai kai wa mutane takardun kotu, ya miƙa maka hukunci, kuma wallahi nan mutanenmu ke faɗuwa, ana ta biko da sulhu wajen mai unguwa har kwanaki su ƙare, to alkali ba zai ma buɗe dosiye ba. Ya ce ka je wajen girefiye, wato magatakardan kotu, ka sa a rubuta apel ɗin, ka riƙe rasit, sulhun ya biyo baya.

In an wuce kotun ɗaukaka ƙara sai kotun ƙoli, wadda a da ake kira Cour de cassation; bayan juyin mulkin 2023 kuma Cour d'État ce ta gaje ta, ita ba ta sake sauraren shaidu, doka kawai take dubawa ko an taka ta. Rikicin kasuwanci na dokokin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci na bai ɗaya, kuwa ƙarshensa kotun ƙungiyar, CCJA, a Abidjan.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin ANAJJ, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali a harkar shari'a. Ɗan'uwan namu dai ya ce gobe da sassafe zai lalubo takardar wisiyen ya ga kwanan watan da ke kanta.