Neman kalma: me za mu kira "catchment" da Hausa?

Jama'a, akwai kalmar da ke tuntuɓe masu fassara duk lokacin da aka tashi maganar ruwan madatsar Goronyo a rediyo, wato "catchment". Abin da masana ruwa ke nufi da ita shi ne duk faɗin ƙasar da in ruwan sama ya sauka a kanta ya gangara, gulbi ɗaya yake nufa. Har yanzu kowa da abin da yake faɗi, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar da guda.

Wasu sun ce kwarin gulbi, wasu fadama. Duka biyun sun yi kaɗan. Fadama ita ce inda ruwa ke kwanciya a yi shinkafa da albasa, alhali abin da muke nema ya haɗa har da tudu da jigawar da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga bakin ruwa. Magudanar ruwa kuwa, ka faɗa wa Basakkwace sai ya tuna kwatar unguwarsu. Matattarar ruwa ce ta fi jan hankalina da farko, to amma ai madatsar kanta ita ce matattara. Wurin da ruwan ya taso ne muke nema wa suna.

Ni dai na tsaya kan magangarar gulbi. Ga dalili. Ruwan da ke cika Goronyo yawancinsa ba a kan Goronyo yake sauka ba. Gulaben Bunsuru da Gagere ne ke kawo shi daga ƙasar Katsina da Zamfara. Gulbin Maradi ma daga wajen Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya sake dawowa ya faɗa Rima, wato gulbin da madatsar Goronyo ke kansa. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa yake, ya bi ta Gusau, ya cika madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, sannan ya gamu da Rima kusa da garin Sakkwato su nufi Argungu da Birnin Kebbi. Manomin rani a Wurno zai iya samun damina mai albarka a gonarsa, amma in an yi ƙarancin ruwa can sama, rani ya zo ya rasa na ban-ruwa. Kalmar da za mu zaɓa dole ta sa shi ya ɗaga kai ya dubi can.

Kuma gulbi ya fi damina saurin nuna bambanci. Ƙasa ce ke fara shan rabonta, rana ta ɗauki nata, sai abin da ya yi saura ya isa gulbi. Shi ya sa in ruwan shekara ya ragu kaɗan, na gulbi sai ya ragu sosai. In kuma ya zo kamar da bakin ƙwarya a kan ƙasar da aka sare itatuwanta, ba ya tsayawa ya nutse, sai ya kwashi yashi ya zuba a madatsa, wurin ajiyar ya ƙara raguwa. Mun ga fuska biyun. A Satumbar 2010 ambaliya ta cinye gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A 2018 kuwa ruwan Goronyo, madatsar da aka gina don mita cubic miliyan 942, ya sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma.



Wani malami a nan ya yi gyara cewa magangara na iya sa mutum ya zaci wurin da shanu ke gangarawa su sha ruwa. Gaskiya ne, sai dai wancan yana da sunansa, mashaya. In mai karanta labarai ya ce "an yi ƙarancin ruwan sama a magangarar Rima bana, don haka Goronyo ba ta cika ba", ba na jin akwai wanda zai tuna shanu.

'Yan uwa na Katsina da Maradi, ku da ruwan ke tasowa daga wajenku, magangara na da wata ma'ana a bakinku da za ta ɓata wannan?