Taron shekara na masu jinyar gigin tsufa: yaya ake tsara shi a ƙauye?

Sakataren ƙungiya:
Assalamu alaikum. Muna da ƙaramar ƙungiya a wani ƙauye cikin ƙasar Dambatta, ta iyalan da ke jinyar tsofaffi masu ciwon mantuwa, wanda aka fi sani da gigin tsufa. Gidaje wajen 30 ne. Taron shekara ya matso. Wane lokaci ya fi dacewa a sa shi, da me ake farawa, kuma a zo da marasa lafiyar ko a bar su gida? Masu sani a taimaka.

Tsohon ma'aji:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ranar 21 ga Satumba ce aka ware a duniya don wannan ciwo, amma a ƙasarmu ta faɗo daidai girbin gero, ga ruwa bai gama ɗaukewa ba. Ku bari sai amfani ya shiga rumbu, wajen Nuwamba ko Disamba. Lokacin mutane na da sarari, kuma wanda ba shi da kuɗin ƙungiya yana iya biya da kwanon hatsi. Kada ku sa Lahadi, kasuwar Dambatta za ta kwashe muku mutane. A sanar da mako biyu, ta bakin mai unguwa da liman.

Bayan addu'a a karanta abin da aka yanke bara, ɗaya bayan ɗaya, a faɗi wanda aka cika da wanda ba a cika ba. Sai lissafi, kuma a nan ƙungiyoyi suka fi mutuwa. Ma'aji ya zo da littafi da rasit, ya karanta da Hausa: nawa ya shigo, nawa aka kashe a kuɗin mota zuwa asibiti, nawa a magani, sabulu da ledar shimfiɗa, nawa ya rage. Mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su riga su duba littafin kwana uku kafin taro. Hatsi a rubuta shi da kwano, kada a juya shi zuwa naira, farashi na canzawa sai zargi ya shigo. Kada a ambaci sunan gidan da aka taimaka wa, a ce gida na bakwai, gida na tara. Zaɓe ya zo ƙarshe, bayan an ji lissafi.

Ma'aikaciyar jinya:
Malam, kan zuwa da marasa lafiyar: wanda ciwonsa bai yi nisa ba kuma yana son zuwa, ya zo, taronsa ne. Wanda ya yi nisa a bar shi gida, hayaniya da baƙin fuskoki na ƙara rikita shi. Ku fara ƙarfe goma na safe ku tashi kafin azahar, domin rikicewar ta fi tsananta daga la'asar zuwa magariba. Ban da lasifika. A tanadi inuwa daban da tabarma, ruwan sha da bayi a kusa.

Ku gayyaci ma'aikacin lafiya daga asibitin sha-ka-tafi ya zo da abin awon hawan jini, ku ba shi rabin awa. Abin da na fi so ya nanata shi ne bambancin mantuwar da ke zuwa sannu a hankali cikin watanni da rikicewar da ta faɗo cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta biyun sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko sukari ya faɗi. Galibi tana warkewa in an kai asibiti a ranar, tana kisa in an ce ai tsufa ne. Ya kuma ja kunne kan maganin barci na kemis irin su diazepam: tsoho ya sha ya tashi da jiri, ya faɗi ya karya ƙugu, daga nan sai kwanciya. Wanda ya riga ya kwanta a juya shi duk awa biyu saboda gyambo. Mai shaƙewa a ba shi kunu mai ɗan kauri yana zaune sosai, kada a kwantar da shi sai bayan rabin awa. Masu bukatar likitan ƙwaƙwalwa a haɗa su mota ɗaya zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano.

Malamar Islamiyya:
Hajiya ta gama magana. Nawa ƙarin shi ne, ku duba waɗanda ke wanki da ciyarwa da hana ido barci: matan gida ne, surukai da 'ya'ya mata. In taro ya zama na maza a ƙofar fada, an yi shi ba masu shi. A nemi izinin magidanta tun da wuri, a yi zaman mata a cikin gida kwana ɗaya kafin babban taro, mace biyu su kawo abin da aka ce. Kuma a sa wadda za ta zauna da mara lafiya awa ukun nan, in ba haka ba mai jinya ba za ta fito ba.

A roƙi liman ya faɗa da bakinsa cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba, ba alhaki ba. Tsohuwar da ta fita da dare aka tsince ta a wani gari tana sambatu, wannan zargi na iya jawo mata duka.

Sakataren ƙungiya:
Allah Ya saka da alheri. Batun fitar nan shi ya fi damunmu, wasu har sun fara kulle su a ɗaki.

Ma'aikaciyar jinya:
Kulle na ƙara musu firgita da faɗa. A wurin taron a zo da tela da keke, a ɗinka ƙyalle mai sunan gari da lambar waya biyu a cikin kowace riga, ba takarda a aljihu ba, wanki na cinye ta. A rataya ƙararrawa a ƙofar zaure, a yi wa rijiya murfi. A sanar da mai shayi, 'yan acaba da 'yan sintiri. Ranar da wani ya ɓace kada a jira gari ya waye: kashi ɗaya su nufi rijiyoyi da kududdufai, kashi ɗaya tsohuwar gonarsa ko hanyar garin da aka haife shi.