Wa ya taɓa kai yara Northumberland?

Maman Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Hutun makaranta na ƙarshen Mayu ya matso, maigida ya ce mu bar Manchester ko na kwana uku ne, yara su ga teku. An ambata mana Northumberland. Don Allah wanda ya san wajen ya ba mu haske.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Can ƙuryar arewa maso gabashin Ingila ce, daga ita sai Scotland. Ƙauyuka ne da gonaki da tumaki, babu hayaniya. Ku sauka a Seahouses, daga nan jiragen ruwa ke kai mutane tsibiran Farne. Kun dace da lokaci, daga Mayu zuwa Yuli tsuntsayen pafin ke zuwa yin ƙwai, masu baki ja da ɗorawa kamar an shafa fenti.

Anti Binta: Ki sa wa kowa hula idan za ku sauka tsibirin. Akwai wasu fararen tsuntsaye masu gadin sheƙa, saran kai suke yi. Kuma rigar sanyi dole, iskar kan ruwa ba ta san Mayu ba.

Maman Ummi: To Anti, na rubuta. Wani tsibiri fa da aka ce da mota ake shiga?

Yaya Sani, Newcastle: Holy Island ke nan, wasu su ce Lindisfarne. Ƙanwata, a nan nake so ki buɗe kunne. Titin da ke shiga tsibirin a kan yashin teku aka shimfiɗa shi, kuma sau biyu a kwana ruwa ke tasowa ya shanye shi gaba ɗaya. Hukumar yankin tana wallafa lokutan tsallakawa a intanet, ga allo kuma a bakin hanya. Lokutan suna canzawa kullum, kada ku yi aiki da na jiya. Da idona na ga wata mota ruwa ya kai mata tagogi, mutanen cikinta sun haye wani ɗan ɗakin katako da aka ɗora kan dogayen ƙafafu a tsakiyar hanya, suna jiran masu ceto. Ruwan ba ya zuwa da ƙara, lallaɓowa yake ta gefe, kafin direba ya ankara ya rufe gaba da baya. Idan allo ya ce lokaci ya wuce, ku juya, ko da kun ga kwalta a bushe.

Maman Ummi: Innalillahi. Allah ya saka da alheri Yaya, wannan zan tura wa maigida yanzu.

Malam Habu: Wajen ya cancanci zuwa. A 635 aka kafa gidan ibadar Kirista a can, a 793 mayaƙan Viking suka far masa daga teku. Ku biya Bamburgh ma, akwai tsohuwar ganuwa, wato gidan sarauta mai katanga, a kan dutse, ƙasanta farin yashi shimfiɗe. A garin akwai ƙaramin gidan tarihin Grace Darling, budurwar da ta tuƙa kwalekwale da mahaifinta cikin guguwa a 1838 suka ceto mutum 9. Ummi za ta so labarin.

Anti Binta: Ni Craster ta fi burge ni. Bandar kifi suke yi, tun daga wajen ajiye mota ƙamshin hayaƙin zai tarbe ki. Na kawo gida na zuba a miyar kuɓewa, sai dai ki rage gishiri don da gishirinsa yake zuwa. Daga nan ana takawa a ƙafa ta cikin makiyaya zuwa kangon ganuwar Dunstanburgh.

Maman Ummi: Abinci fa? Wannan ne damuwata.

Yaya Sani, Newcastle: Ku tsaya nan Newcastle ku yi cefane, West Road akwai shagunan halal, ga masallatai a unguwar. Bayan nan sai kifi da dankali, shi ma ku tambaya, wasu da giya suke kwaɓa fulawar, wasu da kitsen shanu suke suya. Ku riƙe darduma a mota. Magariba kuma sai wajen 9:30 na dare, ku ci da yara da wuri.

Maman Ummi: Madalla. Yaya, idan mun tsayar da rana zan turo maka ka duba mana lokacin ruwan.

Yaya Sani, Newcastle: Turo, in sha Allahu. Ku biyo ta gida ku ci tuwo kafin ku wuce.